Gajiyar Doguwar Tafiya a Jirgin Sama da Sauka a Baƙon Gari: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyan Maraɗi

A al'adarmu idan aka ce wa mutum "Ina gajiya?", amsarsa ita ce "Ba gajiya", ko da kuwa da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Amsa ce ta ladabi, kuma tana da kyau a zaure, amma wanda ya tashi daga Maraɗi ya sauka a Jidda, ko Dubai, ko Istanbul, ko Guangzhou da ƴan kasuwa ke kira Gwanzu, bai kamata ya ba jikinsa wannan amsar ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kira tafiya yanki na azaba, domin tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, kuma jirgin sama ya rage kwanakin tafiya ne kawai, bai ɗauke wannan ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ƴan uwa masu shirin tafiya suka fi yi mini, ƴan kasuwa da ɗalibai da maniyyata.

Mutumin da zaune kawai yake a kujera, me ke gajiyar da shi haka?

Jirgin da ke doguwar tafiya yana tashi sama da nisan kilomita 10 zuwa 12, inda iska ba ta isa mutum ya yi numfashi ba, saboda haka ake cusa iska a cikinsa. Amma ba a cika ta kamar ta ƙasa; ana barinta daidai da ta saman dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Ma'ana, iskar da jini ke samu ta ɗan ragu, kuma ko da yake mai lafiya ba zai ga wata illa ba, zai ji nauyin kai da kasala. Sannan iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta kan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Mu da muka san hunturun Maraɗi mun san abin da irin wannan iska take yi wa leɓe da hanci da ido. A haɗa da ƙarar inji da ba ta yankewa, da kujerar da ba ta barin mutum ya miƙe, da fitilun da ake kunnawa a tashe shi cin abinci a lokacin da ya fara gyangyaɗi, za a ga cewa zaman ba hutu ba ne, aiki ne da jiki ke yi ba tare da mai shi ya sani ba.

Shin gajiyar a filin jirgi take farawa?

Ga ɗan Maraɗi, a'a, kuma wannan ne abin da aka fi mantawa wajen lissafi. Wanda zai tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai yana da tafiyar kusan kilomita 660 a gabansa, ta Gidan Rumji da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, a motar da kan bar tasha da asuba ta isa bayan kusan awa 10. Wanda kuma zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, da tsayawar kan iyaka da ba a san tsawonta ba. Kafin wannan ma, daren jajibirin tafiya ba dare ne na barci ba: ga masu zuwa ban kwana, ga masu kawo saƙo, ga ɗaurin kaya da awo da sake kwancewa saboda jaka ta haura kilo 23.

A ɗauki misalin mai zuwa Gwanzu. Ya bar Maraɗi da asubar Litinin, ya kwana a Yamai a gidan ɗan uwa ana hira har dare ya raba, ya shiga jirgi ranar Talata zuwa Adis Ababa, ya yi jira na wasu awoyi, sannan ya shiga wani jirgin na kusan awa 10. Zai sauka ranar Laraba, kuma idan aka tara barcin kirki da ya samu a cikin kwanakin nan, da wuya ya kai na dare guda. Shi ya sa nake ba da shawarar a isa Yamai ko Kano da kwana ɗaya cikakke kafin ranar tashi, a kuma yi ban kwana da dangi kwana biyu kafin barin gida, domin daren ƙarshe ya zama na barci.

Mece ce ruɗewar agogon jiki, kuma da me ta bambanta da gajiya?

Gajiya barcin dare ɗaya ko biyu ke kawar da ita. Ruɗewar agogon jiki wani abu ne daban. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na jijiyoyi da ke riƙe da lissafin dare da rana, yana karɓar labari daga hasken da ke shiga ido, shi ke tsara lokacin barci da yunwa da ɗumin jiki, har da lokacin zagayawa. Masanan nan uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, a kan gano yadda wannan agogo ke aiki suka samu kyautar Nobel a 2017. Jirgi yana kai mutum wani sashe na duniya cikin yini guda, amma agogon nan ba ya iya matsawa sai kusan awa ɗaya a kowace rana.

Tsakanin Nijar da Saudiyya, ko Turkiyya, ko Habasha, akwai bambancin awa 2. Su ne a gaba. Dubai na gaba da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da Maleshiya da awa 7. New York na baya da awa 6 a lokacin sanyinsu, awa 5 a lokacin zafi. Faransa kuwa agogonta ɗaya da namu a lokacin sanyi, sai ta wuce mu da awa 1 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Don haka mai zuwa Paris zai gaji amma agogonsa ba zai ruɗe ba, mai zuwa Jidda zai daidaita cikin kwana biyu, mai zuwa Sin kuwa yana iya shafe mako guda.

Abin a aikace ga yadda yake. Ƙarfe 10 na dare a Gwanzu, ƙarfe 3 ne na rana a Maraɗi, don haka mutum zai kwanta idonsa biyu yana juyi. Ƙarfe 7 na safe a can, ƙarfe 12 ne na dare a gida, lokacin ne barci mai nauyi zai danne shi, alhali abokin ciniki na jiransa a ƙasan otel. Na taɓa zama a bakin gado a wani ɗaki a hawa na goma sha wani abu, ƙarfe 3 na dare, yunwa na cina kamar lokacin tuwon dare ne, ina kallon titi fayau babu kowa sai fitilu, ina cin ragowar dabinon da na zo da shi daga gida. A daren na gane cewa ba rashin juriya ba ne, cikina yana nan a kan lokacin Maraɗi.

Me ya sa tafiya gabas ta fi wahala, kuma yaya ake daidaita jiki?

Agogon jikin yawancin mutane ya ɗan haura awa 24, saboda haka jinkirta barci ya fi masa sauƙi a kan gaggauta shi. Mai tafiya yamma, kamar Amurka, rana ce ta yi masa tsawo, abin da ake so ya daure har dare ya yi. Mai tafiya gabas kuwa ana neman ya yi barci tun jikinsa bai shirya ba.

Babban magani shi ne hasken rana, sai lokacin cin abinci. Wanda ya je Saudiyya ko Dubai ya fita cikin haske da hantsi, ya kwanta da wuri bayan isha'i. Wanda ya je Sin, a kwana biyun farko hasken azahar zuwa la'asar ya fi masa amfani a kan na sassafe, sannan a hankali ya riƙa fita da wuri. Wanda ya je yamma ya nemi hasken yamma, kada ya kwanta da magariba. A ci abinci a lokacin da mutanen garin ke ci ko da babu yunwa sosai. Idan barcin rana ya ci ƙarfin mutum, ya yi na minti 20 zuwa 30 ya sa waya ta tashe shi, domin barcin awa huɗu da rana shi ke sayar da daren gaba ɗaya. Mu Musulmi muna da wani taimako da ba kowa ke da shi ba: salloli biyar a kan lokacin garin da aka sauka suna jan jiki zuwa sabon tsarin, musamman ga wanda ke fita zuwa masallaci.

In sha maganin barci a cikin jirgi?

Ban ba da wannan shawara ba sai da izinin likita. Mai barcin magani ba ya motsa ƙafa na awoyi, kuma yana iya farkawa a ruɗe daidai lokacin da ake bukatar hankalinsa. Abin toshe kunne, da mayafin rufe ido, da rigar sanyi sun fi aminci.

Ƙafafuna sun kumbura bayan tafiya. Abin damuwa ne?

Idan duka biyun ne suka ɗan kumbura babu ciwo, ruwa ne ya taru saboda zama, kuma yakan sace bayan kwana ɗaya da tattaki da ɗora ƙafa a kan matashi. Abin tsoro shi ne daskarewar jini a jijiyar sha-raɓa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa haɗarin wannan yana ninkawa kusan sau biyu bayan zaman awa 4 ko fiye, a jirgi ne ko a mota, ko da yake ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne, kusan mutum 1 cikin 6,000. A lura da kalmar mota: zaman hanyar Yamai ma yana cikin lissafi. Haɗarin ya fi yawa ga mai ciki, da wadda ta haihu kwanan nan, da wanda aka yi wa tiyata, da mai ƙiba, da mai shan ƙwayar tsarin iyali, da wanda abin ya taɓa samu.

A wata tafiya na zauna kusa da wani dattijo ɗan ƙasarmu wanda tun da jirgi ya tashi bai motsa ba, ya kuma ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa ya ta da mutane. Da muka kusa sauka ya nemi mayar da takalminsa, ƙafar ta ƙi shiga. Na ce masa, "Baba, ku tashi mu ɗan taka zuwa baya, ba wanda zai ga laifinku." Ya ce, "Ɗana, ai na ɗauka an hana tashi." Ba a hana ba, sai lokacin da fitilar ɗamara ke kunne. A tashi a taka duk bayan awa ɗaya ko biyu, a riƙa murza idon sawu da ɗaga dunduniya a zaune, a sa takalmi mai sakewa, kuma wanda ya san yana yawan zagayawa ya nemi kujerar bakin hanya tun wajen yankan tikiti.

Me ke sa kunne ciwo idan jirgi zai sauka?

Nauyin iska ne ke ƙaruwa a waje fiye da na cikin kunne. Haɗiyar yawu, da hamma, da taunar cingam suna buɗe hanyar. Jariri a ba shi nono a lokacin saukar. Mai mura mai tsanani ya ga likita kafin tafiya.

Me zan ci, me zan sha, kuma me zan iya ɗauka na guzuri?

Ruwa shi ne kan gaba, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Tun 2006 yawancin filayen jirgi ba sa barin a wuce wajen bincike da kwalbar ruwa da ta haura mililita 100, amma ana iya wucewa da gora babu komai a cika ta a ciki, kuma ma'aikatan jirgi na bayar da ruwa idan aka roƙa. Iskar da ke cikin hanji tana buɗewa idan jirgi ya yi sama, shi ya sa wake da lemun kwalba ke kumbura ciki. A bar su ranar tafiya. Shayi mai ƙarfi da kofi da goro suna korar barcin da ake bukata, a ajiye su sai safiyar garin da za a sauka.

Game da guzuri, kilishi shi ne abin da ke jawo wa mutanenmu baƙin ciki. Ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka ba sa barin matafiyi ya shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, za a karɓe, wani lokaci har da tara. Goro kuma hukumomin aikin hajji sun sha gargaɗin maniyyata da kada su kai shi Saudiyya. Magunguna irin su tramadol na iya kai mutum kurkuku a Dubai da Saudiyya da Masar idan babu takardar likita. Kowane magani a bar shi cikin kwalinsa, tare da takardar da aka rubuta shi.

Yaya batun salla da azumi?

Alƙur'ani ya yi wa matafiyi sauƙi, a Suratun Nisa'i aya ta 101 game da ƙasaru, da Suratul Baƙara aya ta 184 da 185 game da ajiye azumi a rama. A mazhabar Malikiyya tafiyar ƙasaru ita ce ta kusan kilomita 80, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari ya cika sallarsa. Game da yadda ake salla a cikin jirgi da haɗa salloli, a zauna da malami kafin tafiya a faɗa masa awoyin tashi da sauka, domin ya ba da amsar da ta dace da tafiyar. Abin da zan ƙara na aikace shi ne a yi alwala kafin shiga jirgi, saboda makewayin jirgi ƙarami ne, babu buta, kuma jiƙa ƙasansa na cutar da sauran fasinjoji. Manyan filayen jirgi irin na Istanbul da Dubai da Kasablanka suna da wurin salla da wurin alwala. Mai azumi kuma ya sha ruwa idan rana ta faɗi a inda jirgin yake, ba bisa agogon garin da ya baro ba, kuma ya sani cewa mai tafiya yamma yininsa na tsawo.

Ina tsoron canjin jirgi. Yaya zan yi kada in ɓace?

Daga Yamai ko Kano yawancin doguwar tafiya sai an canja jirgi, a Adis Ababa ko Istanbul ko Kasablanka ko Alƙahira ko Lome. Da an sauka, kafin shayi, kafin salla, kafin kiran gida, a nemi allon da ke nuna jirage a duba lambar jirgi, ba sunan gari kaɗai ba, a je a ga ƙofar da ido. Ana iya canja ƙofa, don haka a sake dubawa. Lokacin da ke rubuce a tikiti lokacin garin da ake ciki ne, a gyara agogo nan take. Ana rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 kafin tashi, kuma filin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, girmansa ya kai a yi tafiyar minti 20 a ƙasa daga wata ƙofa zuwa wata. Wanda zai ɗan runtsa ya kwanta kusa da ƙofarsa, jakar takardu a jikinsa, waya ta tashe shi. Matambayi ba ya ɓata: ko babu harshe, nuna wa ma'aikaci takardar shiga jirgi ya isa.

Zan yi tafiya da mahaifiyata tsohuwa. Me zan tanada?

A roƙa mata keken guragu a wajen kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tafiya. Kyauta ne, kuma ma'aikaci zai tura ta har ƙofar jirgi. Iyayenmu kan ƙi saboda kunya, sai a lallashe su, domin tsayuwar layi da doguwar baranda sun fi zaman jirgin gajiyarwa. Magungunan hawan jini da na ciwon suga, musamman allurar insulin, a jakar hannu suke zama, kuma a tambayi likita yadda za a gyara lokacin shansu idan bambancin agogo na da yawa. Mai ciwon zuciya ko na huhu ko amosanin jini ya ga likita tukuna saboda ragin iskar da aka ambata. Mai ciki kuwa, yawancin kamfanoni na neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗauka bayan mako na 36.

Me zan tarar a wajen jami'an shige da fice?

Layi mai tsawo, da ɗaukar hoto da zanen yatsu, da ƴan tambayoyi: me ya kawo ka, ina za ka sauka, kwana nawa, yaushe za ka koma. Tambayoyin masu sauƙi ne, gajiya ce ke sa mutum ya daburce har a yi zarginsa. A buga adireshin masauki, da tikitin komawa, da takardar gayyata ko ta makaranta a kan takarda, kada a dogara da waya da cajinta kan mutu ko ta rasa intanet. Ƙasashe da yawa na son fasfo ya kasance da sauran wata 6. A riƙe katin rigakafin shawara, wanda tun Yulin 2016 ya zama na har abada, yana kuma fara aiki kwana 10 bayan allurar. Maniyyata hajji da umra ana neman su da rigakafin sanƙarau, shi ma aƙalla kwana 10 kafin isa. Kuɗin hannu da ya kai yuro 10,000 a Turai, ko ya haura dala 10,000 a Amurka, wajibi ne a bayyana shi. Bayyanawa ba laifi ba ce, ɓoyewa ce laifi.

Wani ya ba ni saƙo in kai wa ɗan uwansa. In karɓa?

Na san nauyin wannan a wajenmu, inda ƙin karɓar saƙo kan zama abin magana a unguwa. Duk da haka, abin da aka samu a jakarka naka ne a gaban doka, kuma Saudiyya da Sin na yanke hukuncin kisa kan safarar miyagun ƙwayoyi. Saƙon wanda ka sani, a buɗe shi a gabanka ka gani da idonka ka ɗaure da hannunka. Saƙon wanda ka haɗu da shi a filin jirgi, ko mai neman ka ɗaukar masa jaka saboda kilonsa ya yi yawa, a ba shi haƙuri.

Idan jakata ba ta fito ba fa?

Kada a bar zauren kaya sai an je teburin ɓatan kaya an cika takarda, da ɗan tikitin nan da aka manna a bayan takardar shiga jirgi. Yawanci jakar ta makara ne a wurin canji, takan iso bayan kwana ɗaya ko biyu. Bisa yarjejeniyar Montreal ta 1999 da ƙasashe da yawa ke bi, ana ɗaukar jaka a matsayin ɓatacciya bayan kwana 21, kuma ƙorafin lalacewar kaya a rubuce ake yin sa cikin kwana 7. Saboda haka kaya kala ɗaya, da caja, da magani, da kuɗi, da batirin cajin waya duk a jakar hannu suke tafiya.

Na fito daga filin jirgi. Sai me?

Wannan ita ce sa'ar da baƙo ya fi rauni: ya gaji, bai san kuɗin ƙasar ba, bai san hanya ba, ga iska da ƙamshi da harshen da bai saba ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mafi alheri a ce akwai mai tarba, an kuma yi magana da shi tun daga gida an san ƙofar da zai tsaya. Idan babu, a bi layin tasi na hukuma, a bar masu tare mutum a ƙofa suna jan jaka. A canja kuɗi kaɗan na mota da abinci, domin canjin filin jirgi ba shi da daɗi. Yana taimakawa a riƙe lissafi ɗaya a ka: yuro 1 sefa 655.957 ne, riyal na Saudiyya 3.75 dala 1 ne, dirhamin Dubai kuma kusan 3.67 ne dala 1. Mai zuwa Sin ya sani cewa WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a can yadda aka saba, WeChat ake amfani da shi, don haka ya shirya hanyar sanar da gida tun kafin ya tashi, ya kuma sa a rubuta masa adireshin otel da rubutun Sinanci. Mai zuwa Paris ko Istanbul a watan Janairu ya sa rigar sanyi a jakar hannu. Sanyin can ba na hunturunmu ba ne.

Kwanakina kaɗan ne kuma otel na da tsada. Ba zan iya shiga kasuwa ranar da na sauka ba?

A nan ne na fi tsayawa da ƙarfi, domin a nan aka fi yin asara. Ɗan kasuwa kan lissafa tikiti da biza da otel da kuɗin dako, amma ba ya lissafa kwanan hutu, yana ganin ɓarna ce. Mutumin da bai yi barci ba kwana biyu hankalinsa ba ya riƙe lamba, haƙurin ciniki ya ƙare masa, yana son a gama ya tafi ya kwanta, kuma mai shago yana gani a idonsa. Na taɓa shiga kasuwa kai tsaye daga filin jirgi na amince da farashin kaya ina lissafi da kuɗin wata ƙasa a kaina, na ba da kafin alƙalami, sai washegari da na zauna da takarda na ga ribar da nake hange babu ita. Abin da na rasa a ranar ya fi kuɗin otel na mako guda, kuma ba wanda ya cuce ni, ni ne na yi ciniki ba da cikakken hankali ba.

Ranar farko a yi wanka, a ci abinci mai ɗumi, a kira gida, a zaga unguwar a ƙafa kafin rana ta faɗi a gane masallaci da gidan abinci da tashar mota. A Dubai mutanenmu sun fi yawa a Deira, a Gwanzu a Xiaobei, a Istanbul wajen Laleli da Aksaray, kuma a duk waɗannan wurare ana samun abincin halal da mai jin harshen da za a fahimta. Ana iya shiga kasuwa a duba a tambayi farashi, amma kada a biya, kada a sa hannu a takarda, kada kuma a tuƙa mota. Ɗalibi ma haka: kada ya kama ɗaki na shekara a ranar da ya sauka.

Maniyyaci fa, da ya sauka Jidda da harami a jikinsa?

Wanda zai wuce Makka kai tsaye yana ɗaura harami kafin jirgi ya daidaita da miƙati, kuma zuciyarsa na ɗokin ganin Ka'aba. Daga Jidda zuwa Makka kusan kilomita 80 ne, bayan jiran da ake yi a filin jirgi. Ɗawafi zagaye 7 ne cikin cunkoso, sa'ayi kuma tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3. Ba laifi ba ne mai harami ya isa masauki ya sha ruwa ya yi barci na wasu awoyi sannan ya fita yin umra, muddin yana kiyaye dokokin harami. Ga tsofaffi wannan jinkirin ya fi a fita da tsakar rana a faɗi a hanya. A ɗauki katin otel a jiki, domin gine-ginen suna kama da juna ga wanda ya gaji.

Me ya sa nake jin kaɗaici da ɓacin rai alhali ni na nemi tafiyar?

Rashin barci na raunana zuciya kamar yadda yake raunana jiki. Mutumin da ya saba ko fita ƙofar gida ya yi sai ya gaisa da mutum goma, yanzu ya shiga jirgin ƙasa cike da jama'a babu mai kallonsa, babu kiran salla, rana kuma a Paris tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 a Disamba, kusan ƙarfe 10 a Yuni. Wasu har hawaye suke yi a daren farko suna tunanin komawa. Yawanci abin na sauƙi bayan barcin dare biyu ko uku da haɗuwa da ƴan gida a masallacin Juma'a. Kada a yanke shawarar komawa a makon farko. Idan kuwa damuwar ta ɗauki makonni tana hana ci da barci, a faɗa wa wani, a ga likita.

Yaushe gajiya ta tashi daga gajiya ta zama ciwo?

Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana ciwo da zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na suka, ko da makonni bayan tafiyar ne, a tafi asibiti nan take a ce an yi doguwar tafiya. Zazzaɓi ma ba ya cikin alamun ruɗewar agogon jiki. Wanda ya bar Maraɗi da damina ko kaka yana iya tafiya da zazzaɓin cizon sauro a jikinsa, likitan Turai ko na Sin kuma ba lallai ne ya fara tunaninsa ba, don haka a faɗa masa daga Nijar aka zo, a nemi gwajin jini.

Dawowa gida fa, ita ma da gajiyarta?

Da ita, sai dai mai dawowa daga gabas ya fi samun sauƙi, barci ne zai riƙa kama shi tun magariba ya farka kafin asuba na wasu kwanaki. Wahalar ita ce bayan saukar jirgi akwai sauran hanyar mota, ga kaya sun ninka, ga kuma masu zuwa barka da sauka da karɓar tsaraba da ke cika gida tun daga ranar farko. Wanda ya sauka Yamai ko Kano da dare ya kwana a can, kada ya kama hanya, musamman idan shi zai tuƙa. A gida kuma a sanar da dangi ranar isowa, amma a ce masu gaisuwa su zo washegari bayan la'asar, a bar buɗe jakunkuna sai an yi barci.